Tumati na yaushi ga ruwa ga taki, saiwar duk ƙulli-ƙulli

Tambaya daga wani mai garka a Miriya: Assalamu alaikum malam, shekara biyu kenan tumatina da kuɓewa suna min abu guda, da rana ta take sai su yi yaushi alhali fangalin jiƙe yake, ganye yana yin rawaya 'ya'ya kuma ƙanana. Na tuge guda na ga saiwar duk ƙulli-ƙulli kamar tasbaha. Wani ya ce in zuba Furadan, ni kuma rijiyar da muke sha cikin garkar take. Akwai maganin da ba guba ba?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara albarka a garka. Tun farko dai kar ka zuba Furadan ɗin nan, guba ce mai ƙarfi wadda aka hana a ƙasashen CILSS, wato ƙungiyar yaƙi da fari ta yankin Sahel, har da Nijar, kuma ƙasarmu rairayi ce, abin da ka zuba a fangali ba wuya ya sauka cikin ruwan da yara ke sha.

Abin da ka gani aikin tsutsar saiwa ne, masana na ce mata nematod, irin wadda ake kira Meloidogyne. Ido ba ya ganinta, ƙaramar ko rabin milimita da kyar take kaiwa, tana shiga cikin saiwa ta zauna tana tsotsa sai wurin ya kumbura, hanyar ruwa ta toshe, shi ya sa kake ban ruwa amma shukar kamar mai ƙishi. Mace guda tana zuba ƙwai ɗaruruwa, kuma in ƙasa da ɗumi cikin sati 3 zuwa 4 'ya'yan sun girma su ma sun fara nasu. Ga rairayi ga zafi ga ruwa kullum, wallahi garkokin Miriya da Gidimuni da Matamai sun yi mata daɗi. Kar dai ka rikita da ƙullin da ke saiwar wake ko gyaɗa, wancan mai amfani ne, in ka murza da yatsa yana fita kuma cikinsa ja-ja ne. Na tsutsar ba ya fita don saiwar ce da kanta ta kumbura.

Gaskiyar da zan faɗa maka, tumatin da ya riga ya kamu babu abin da zai warkar da shi. Duk aikin kafin dashe ake yin sa. Da ka gama tsinka ka tuge shukar da saiwarta duka ka ƙone, kar ka jefa a ramin taki kar ka bari a bakin fangali.

Sai wurin renon iri, nan ne mutane da yawa ke cutar kansu ba su sani ba. Na sha ganin mai garka ya sayo dashe a kasuwa kore shar, in ka wanke saiwar cikin kwano sai ka ga ƙananan ƙulli kamar ƙwayar gero, to da hannunsa ya kai cutar sabon wuri. Ka riƙa renon naka, a wurin da ba a taɓa sa tumati ko kuɓewa ko yalo ba. Rana ma tana mana aiki kyauta, a watan Afrilu da Mayu ka kafce fangali ka jiƙa shi sosai, ka rufe da farar leda mai ganin ciki, ka danne gefenta da ƙasa kar iska ta shiga, ka bar shi sati 4 zuwa 6. Zafin da ke taruwa ƙarƙashin ledar yana kashe tsutsar da ƙwanta a saman ƙasa.

Dogon yaro kuma ga shi ko'ina a Damagaram, 'ya'yansa na zuba a titi ana takawa. Ka tara ka shanya ka daka, ka zuba kamar giram 150 zuwa 200 a kowane mitir kare, wato tsawon mita 1 faɗin mita 1, ka cakuɗa da ƙasa ka yi ban ruwa, sai bayan sati 2 ko 3 ka yi dashe, in ka yi gaggawa zai iya ƙona saiwar. Kashin kaji ma haka, lokacin da yake ruɓewa cikin ƙasa yana fitar da wani abu mai yaji da tsutsar ba ta jurewa. Takin gida da ya ruɓe sosai kuma yana ciyar da ƙananan halittun ƙasa masu cin tsutsar da ƙwanta, abin da takin zamani ba ya yi, ni a nan na fi sa ƙarfina.

Su waɗannan halittun har sayar da su ake cikin leda ko kwalba, irin su Trichoderma da Paecilomyces lilacinus, funfuna ne mai kama ƙwan tsutsar ya cinye. Suna aiki, amma fa masu rai ne, wanda ya yi watanni a shago cikin zafin nan namu ba lallai yana da sauran rai ba. In ka samu ka duba ranar lalacewarsa, ka gauraya da ruɓaɓɓen taki ka sa da marece cikin ƙasa mai laima, kuma ka nuna wa malamin gona takardar kafin ka ba da kuɗinka.

Kar ka maida tumati inda ya fito. Kuɓewa da yalo da tattasai da karoti da salati da kankana duk abincinta ne, sauya tsakaninsu bai rage komai. Da damina ka sa hatsi ko dawa ko riɗi a wurin, da sanyi ka sa albasa ko tafarnuwa. Akwai furen nan rawaya mai wari da ake kira tajet, saiwarsa na kashe ta, amma sai an shuka shi ya cika fangalin ya yi wata 2 zuwa 3 kafin tumati, tsiro biyu a gefe ba ya wadatarwa.

Wajen sayen iri ka duba harafin N a jikin gwangwani ko leda, kamar Rossol VFN, yana nufin irin na jure tsutsar. Sai dai juriyar tana raguwa in zafin ƙasa ya wuce digiri 28, don haka ka dasa shi da sanyi, Nuwamba ko Disamba. Kuma ka wanke kwasa da cebur in za ka tashi daga fangalin da ya kamu, ruwan ban ruwa ma kar ya bi ta cikinsa ya gangara zuwa masu lafiya.