Zauren Adabi: Tambayoyinku kan Jigo, Murya da Halin Taurari

Tambaya: Ina aji shida na sakandare. Duk lokacin da aka ce mu fitar da jigon waƙa sai in rubuta "ilimi" ko "wa'azi", malaminmu kuma ya ba ni rabin maki. Ina matsalar take? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: 'Yata, malaminku bai zalunce ki ba. "Ilimi" fage ne kawai, ba ki faɗi abin da mawaƙin ya shigo fagen ya yi ba. Kira yake ga iyaye su kai 'ya'ya mata makaranta? Kukan lalacewar makarantu yake? Zargin masu ilimin da ba sa aiki da shi yake? Duk ukun "ilimi" ne, amma waƙoƙi ne daban-daban. Don haka ki riƙa rubuta jigo a cikakkiyar jimla mai ɗauke da aikatau.

Hanyar da ake koyarwa a jami'o'inmu, wadda Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero ya shimfiɗa, hawa uku ce: furucin jigo, jigo a gajarce, sai warwarar jigo. Da farko ki karanta waƙar sau biyu da babbar murya ba tare da kin riƙe biro ba. A karo na uku ki nemo baitin da mawaƙin ya faɗi nufinsa da bakinsa. A nan ɗalibai suka fi zamewa. Yawancin rubutattun waƙoƙin Hausa suna buɗewa da sunan Allah da salatin Annabi, su rufe da addu'a, wani lokaci da sunan mawaƙin da shekarar da ya yi waƙar. Wannan mabuɗi ne da marufi. Waƙar noma ma da su take farawa, saboda haka ganin su bai mai da waƙa ta wa'azi ba. Furucin jigo yakan zo bayan mabuɗin, inda za ki ji mawaƙi ya ce "nufina", "zan yi waƙa a kan", ko ya kira waɗanda yake yi da su.

Daga nan ki kasa baitocin rukuni-rukuni, ki rubuta layi ɗaya a gefen kowane rukuni: baiti na 4 zuwa 9 sun yi magana kan kaza, na 10 zuwa 18 kan kaza. Wannan ne jigo a gajarce. Sai ki auna: idan abin da kika kira babban jigo bai ratsa ko rabin baitocin ba, to ƙaramin jigo kika kama, ki sake lale. A warwara kuma, kowace magana da kika yi ki ɗora ta a kan ɗango (wato layi ɗaya na baiti) ko baiti daga cikin waƙar. Maki yana wurin hujja.

Tambaya: Ni malamin Hausa ne. Ɗalibaina suna gane abin da waƙa ko labari ya faɗa, amma ba sa jin muryar da aka faɗe shi da ita. Yaya zan koyar da wannan? Daga wani malami a Maraɗi.

Amsa: Malam, Allah ya ƙara basira. Ɗalibanka sun san abin tun daga gida, domin babu yaron da ba ya bambance kiran da uwarsa ta yi masa cikin fara'a da wanda ta yi cikin fushi. Aikinka shi ne ka nuna musu inda wannan yake ɓoye a takarda.

Rubuta musu jimla biyu a allo. Ta farko: "Ma'ajin ya gina bene hawa uku cikin shekara guda." Ta biyu: "Ikon Allah, albashin wata-wata ya haifi bene hawa uku cikin shekara guda." Labari ɗaya ne, amma ta biyun habaici ce. Ka sa su ja layi a ƙarƙashin kalmomin da suka juya maganar. Daga nan ka ba su abubuwan da za su riƙa dubawa. Zaɓen kalma na gaba: marubucin da ya ce mutum "ya riga mu gidan gaskiya" da wanda ya ce "ya sheƙa barzahu" ba matsayi ɗaya suka ba mamacin ba. Sai wakilin suna, wanda ake yawan tsallakewa alhali yana tona asiri ƙwarai. Mai wa'azin da ke cewa "ku tuba" yana bisa mumbari, mai cewa "mu tuba" yana cikin sahu tare da jama'a. Sai karin magana da kirari da aka zaɓa, da tsawon jimloli, domin fushi da gaggawa sukan gajarta jimla.

Ka hana su amsa da "murya mai daɗi" ko "marar daɗi". Harshenmu yana da sunayen abin: yabo, zuga, zambo, habaici, gugar zana, gargaɗi, lallashi, bege, takaici. Kuma su sani murya tana sauyawa a cikin aiki ɗaya. Waƙoƙin makaɗan fada su ne mafi kyawun abin gwaji: a ɗa ɗaya (wato baitin waƙar baka) ana kambama sarki, a na gaba an juya ana yi wa ɗan sarkin da ke harin gadon sarauta zambo, amshi kuwa bai canja ba. Ka kunna musu su ɗaga hannu duk inda suka ji an juya.

Wani tarko kuma: mai ba da labari daban, marubuci daban. A *Ruwan Bagaja*, wanda ya fito daga gasar ƙagaggun labarai ta 1933, Alhaji Imam ne ke ba da labarin kansa, yana alfahari da dabarun da ya yi wa Malam Zurƙe. Wannan alfahari na tauraron ne. Ɗalibin da ya jingina shi kai tsaye ga Abubakar Imam ya haɗa mutum biyu.

Tambaya: Muna da ƙungiyar karatu ta mata. In mun zo tattauna taurarin littafi sai mu ƙare a "wance muguwa ce, wance baiwar Allah ce". Me ya kamata mu duba? Daga wata uwargida a Kumasi.

Amsa: Hajiya, abin da kuke yi hukunci ne, nazari kuwa yana zuwa kafinsa. Halin tauraro yana fitowa daga abin da ya faɗa, abin da ya aikata, abin da wasu suka ce a kansa, da abin da mai ba da labari ya gaya mana. Ba nauyinsu ɗaya ba. Aiki ya fi magana, kuma aikin da aka yi cikin matsi ya fi kowanne. Shaidar kishiya a kan kishiya kuwa sai an tace.

Kowacce ta sa alama a wuri uku: inda tauraruwar ta fara bayyana, inda ta yanke shawara mafi tsada a rayuwarta, da fitowarta ta ƙarshe. Ku jera su ku tambaya: me take so, me ya tare mata hanya, me ta sadaukar? In matar shafin farko ita ce ta shafin ƙarshe ba sauyi, to mai fuska ɗaya ce, an kawo ta ne ta yi aiki guda. In ta sauya, ku nemo dalilin a cikin labarin. Uwar mijin da ta shafe babi 30 tana zalunci sannan ta tuba a shafi ɗaya don ta yi mafarki, rauni ne daga marubuci, kuma ya dace ku faɗe shi. Babban tauraro kuma ba lallai ya zama mutumin kirki ba. Shi ne wanda in aka zare shi labarin zai rushe.

Tambaya: Nazarin fim daidai yake da na littafi? Daga wani ɗalibin kwalejin ilimi a Gumel.

Amsa: Tambayoyin ɗaya ne, ɗan'uwa, wurin neman hujja ne ya bambanta. Kalli fim ɗin sau ɗaya a miƙe, sannan ka sake kallo kana tsayarwa kana rubuta mintin kowace muhimmiyar fitowa, domin minti shi ne lambar shafinka. Zaɓi fitowa biyu ka kashe sauti, ka ga abin da kyamara da haske da sutura ke faɗa: wa kyamara ta ɗauko daga ƙasa har ya yi kwarjini, wa ke zaune a kujera, wa ke durƙushe. Sai ka mayar da sautin ka ji abin da kiɗan ya ƙara.

Kada ka rubuta sunan jarumi a wurin sunan da ya fito da shi, domin farin jininsa zai shiga nazarinka. A fim mai dogon zango ka fitar da jigon kowane zango daban, saboda labari yakan karkata bayan an ji ra'ayin masu kallo. In kuwa fim ɗin Indiya ne da aka yi wa fassarar Hausa, ka bayyana cewa fassarar kake nazari, don masu fassara sukan cusa barkwanci a fitowar da asalinta ta baƙin ciki ce.