Tambaya Da Amsa: Tabar Da Na Sha A Gonar Kuba Ta Hana Ni Sakat

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Dan Allah a sakaya sunana. Ni ɗan kasuwa ne a Kaduna, kuma wallahi har na kai shekara 37 ban taɓa sa taba a bakina ba, ko sigari aka kunna kusa dani tashi nake. A 2015 naje Kuba bikin gama karatun ƙanena da yayi likitanci a can, ni na riƙe shi tun rasuwar Baba shiyasa nace ko nawa ne kuɗin jirgi sai naje. Bayan biki muka ɗau tasi daga Habana zuwa wani ƙauye Binyales, ƙasarsu ja wur kamar ta wajen mu, ga duwatsu ga shanun noma. Ruwa ya tsare mu a rumfar wani tsoho manomi, ya kawo mana kofi, ya ɗauko ganyen taba ya zare jijiyar tsakiya ya naɗe a kan wani katako muna kallo, ya dangwala bakin a zuma ya miƙo min. Kunya ta hana ni cewa a'a. Malam ƙamshin nan har yau yana hancina, kamar ƙasar da ruwan farko ya daka haɗe da gasasshen kofi, ƙanena na gefe yana fassara min hirar tsohon muna ta dariya, ni dai ban taɓa jin natsuwa irin ta yammacin nan ba.

Tun daga nan nake saye, in naje Dubai ko in wani zai taho, har kwali guda wani yaro ya kawo min a Abuja da sunan Cohiba. Amma ko ɗaya bata taɓa yi min daɗin waccan ba. Jabu ake sayar min ne? Ko ajiya ce ban iya ba, dan da hunturu fashewa suke? Kuma gaskiya ne bata da illa tunda ba'a zuƙar hayaƙin zuwa ƙirji? Uwargida ta dame ni da faɗa, ni kuma sau biyu ko uku ne kawai a sati.

Daga wani mai karatu, Kaduna

AMSA

Wa alaikumus salam Alhaji. Sau uku na karanta wasiƙarka, kuma abinda ya tsaya min a rai shine wancan layin da kace kai ka riƙe yaron tun rasuwar mahaifinku. Allah ya jiƙan Baba, ya saka maka da alheri. Zan dawo kan wannan, bari mu fara da masu sauƙin.

Ga masu karatun da basu gane wace taba ake nufi ba, ba sigarin kwali bace ta takarda da auduga a gindi. Wannan ganye ne zalla, an naɗe ganye cikin ganye, su can suna ce mata puro ko habano. Hawa uku gareta, na ciki da ake cusawa, sai wanda ke ɗaure shi, sai na waje mai santsi wanda ake noma shi ƙarƙashin rumfar yadi dan kar rana ta sa shi kauri. Kuma inda kaje ɗin nan, lardin Pinar del Rio, nan ne gidan abin, yankin Vuelta Abajo da duk duniya ke yabon ganyensa yana cikin lardin. Wato ka fara ne daga tushe, kamar wanda aka fara bashi kilishi a hannun mai yinsa da zafinsa, daga baya ace ya koma na leda a tasha.

To jabu ne? Wanda yaron Abuja ya kawo maka kam ina zargi sosai. Babu sunan da ake kwaikwaya kamar Cohiba, dalili kuwa tarihinta ne, a 1966 aka fara yinta kuma Fidel Castro, jagoran Kuba na lokacin, da manyan baƙin gwamnati kaɗai ke samu, sai 1982 aka fara sayarwa kowa, ga shi a 2022 kamfanin Habanos mai sayar da tabar Kuba a duniya ya ninka mata kuɗi har ta fi ƙarfin yawancin masu shanta. In ka ga kwali mai murfin gilas ana ganin na ciki, ko aka ce maka wai ɗan'uwan wani ne ke aiki a masana'anta ya fito dasu ta bayan gida, ko kuɗin yayi araha da yawa, to ka riƙe kuɗinka. Na gaske yana da hatimin gwamnatin Kuba kore da lamba a jiki wadda ake iya bincikawa. Na jabun kuwa in ka tsaga ɗaya zaka ga guntattakin ganye da shara a ciki maimakon dogon ganye, kuma ba wanda ya san me aka haɗa.

Maganar fashewa kuma iskar mu ce. Ganyen yana son danshi wajen kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, mu kuwa da hunturu danshin iska yakan sauka ƙasa da kashi 20, leɓen mutum ma tsagewa yake balle ganye. Shiyasa masu ita ke ajiyewa a akwatin katako mai riƙe danshi. Firij ƙara busar da ita yake.

Amma Alhaji ko da ka samu ta gaske, ka ajiye ta yadda ya kamata, bana jin zaka sake jin abinda kaji a rumfar nan, kuma dalili biyu ne. Na farko ita kanta tabar. Wadda tsohon ya baka ba ta masana'anta bace. Manoman can suna miƙawa gwamnati mafi yawan abinda suka noma, wajen kashi 90, ɗan ragowar shine nasu, su shanya a rumfa kusan kwana 50 har koren ya koma ruwan ƙasa, su tara shi su rufe yayi zafi ya nuna da kansa, kuma kowane gida da irin ruwan da yake yayyafa masa, zuma, lemun tsami, kirfa, wasu ma har da giyar rake suke sawa, wannan ya kamata musulmi ya sani. Babu kanti a Dubai da ke da haɗin wannan tsohon. Ko shi kansa in ka koma, ganyen bana ba na bara bane.

Na biyun shine wanda nafi so ka tsaya ka duba. Hanci ba kamar ido da kunne yake ba, saƙon ƙamshi yana shiga kai tsaye ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke riƙe da tunani da motsin zuciya, shi yasa warin abu ɗaya zai ɗauke ka ya kai ka shekara talatin baya kafin ka ankara. Ni kakana lofe yake sha. Ina ganinsa yanzu haka a zaure bayan la'asar, ya zazzago taba daga wata ƴar jakar fata da ta yi baƙi dan tsufa, ya danna da babban yatsa, ya aike ni cikin gida in ɗebo masa garwashi a murfin kwano, ina tafe ina hurawa kar ya mutu. Yau in na wuce inda ake sayar da ganyen taba a kasuwa sai naji ƙirjina ya cika, ba tabar nake so ba, tsohon nake kewa. Kuma tari ne ya kwantar dashi shekara biyu kafin ya rasu, muna jinsa daga ɗakinsa har asuba. Duk biyun ina tuna su tare, ƙamshin da tarin.

Kai fa duba ranar da ka sha taka. Shekara nawa kana biyan kuɗi, kana tura sako, kana fargabar ko yaron nan zai gama a ƙasar da ko yarensu baka ji, sai ga shi ya zama likita a gabanka, nauyin da Baba ya bar maka ya sauka. Ba waya, ba mai bin ka bashi, ba kwastoma, ruwa na sauka kan rumfa, ƙaninka na yi maka tafinta yana dariya. Ko rogo aka dafa maka a wannan yammacin da har yau kana neman irinsa. Tabar ta zo ne ta tarar da farin cikin, sai ta shige ciki ta zauna, kai kuma kake ta binta kana zaton ita ta kawo shi.

Abinda ke sa ka cigaba da saye kuwa duk da kace bata maka daɗi, sunansa nikotin, sinadarin da ke cikin taba mai sa mutum ya kasa bari. Nan nake so mu yi maganar da ka tambaya ta ƙarshe, dan ita tafi damuna. Eh gaskiya ne yawancin masu shan wannan basa jan hayaƙin zuwa huhu, amma ba sai sun ja ba. Hayaƙinta ya bambanta da na sigari, nikotin ɗinsa ta fatar cikin baki yake shiga jini, kana riƙe dashi a baki yana aikinsa. Kuma babba guda ɗaya tana iya ɗaukar taba kwatankwacin kwalin sigari sukutum, kana zaune da ita awa guda ko fiye. Leɓe, harshe, dasashi, maƙogwaro, hanyar abinci, duk suna wanka da hayaƙin, kuma nan ne kansar masu shanta tafi kamawa, banda ciwon dasashi da zubewar haƙori da matsalar zuciya. Wanda ke sha jefi-jefi haɗarinsa bai kai na mai sha kullum ba, wannan ba zan ɓoye maka ba, amma bai zama babu ba, kuma wanda ya fara da sau ɗaya a rumfar manomi yau yana sau uku a sati, kaga ai hanyar gaba take yi ba baya ba.

Na san abinda abokan shan ka zasu ce, ai Churchill, tsohon firaministan Birtaniya, ya sha har ya kai shekara 90, tun zuwansa Kuba a 1895 ya kamu da ita, har akwai wani samfurin girman tabar da ake kira da sunansa. Haka ne. Amma su faɗa maka na Sigmund Freud mana, shahararren likitan ƙwaƙwalwar nan, wanda kansa ta kama masa muƙamuƙi a 1923, aka yi masa tiyata fiye da 30 har ya mutu a 1939, kuma duk da haka ya kasa ajiye ta. Ko Ulysses Grant, tsohon shugaban Amurka da kansar maƙogwaro ta kashe a 1885. Shi Castro da aka ƙirƙiri Cohiba dominsa, da hotonsa ba ya cika sai da ita a baki, a 1985 ya daina, lokacin da ƙasarsa ke yaƙi da shan taba. Mutumin da ƙasar tabar ke hannunsa a lokacin kenan.

Uwargida kuma ba faɗan banza take ba. Hayaƙin da ke tashi daga bakin wutar shi ita da yara suke shaƙa, kuma yana kama labule da kujera da rigarka kwana da kwanaki. In a falo ko a mota kake sha, wannan dai daga yau ya kamata ya tsaya, ko me ka yanke game da sauran. Ta ɓangaren addini kuwa ni ba malamin fatawa bane, sabanin ma tsoho ne, tun farkon shekarun 1600 da taba ta shigo ƙasashen mu malamai ke muhawara a kanta, Ahmad Baba na Timbuktu yana cikin waɗanda suka sassauta a wancan lokacin, amma su basu da labarin illar da likitoci suka tabbatar daga baya, kuma galibin malaman yau da suka san ta sun tsananta. Ka zauna da malamin da ka yarda dashi.

Ni dai in shawarata kake so, ka bar ta. Ba zan ce maka wancan yammacin kuskure bane da ya kamata ka goge, a'a, naka ne, ka riƙe shi da kyau. Amma shekara goma kana kashe dala kana nemansa a cikin kwali kuma da bakinka kace baka same shi ba ko sau ɗaya. Sati biyun farko zaka ji ƙaiƙayin abin, musamman a lokacin da ka saba kunnawa, to kar ka zauna a kujerar da ka saba kai kaɗai, fita, ko ka haɗa kofi mai ƙarfi irin wanda tsohon ya baku, ko ka ɗau waya. In abin yayi tsanani akwai cingam da faci na nikotin da likita zai iya tsara maka yadda zaka rage a hankali.

Kuma likitan ma ai a gida kake dashi. Baka faɗa min ko ƙanin naka ya san har yanzu kana sha ba, jikina yana bani bai sani ba, ko ya sani yana jin nauyin yi wa Yaya magana. Kira shi ka faɗa masa da kanka. Ka ce ya haska maka baki da tocila ya duba ƙarƙashin harshe da gefen kumatu, ko ya haɗa ka da likitan haƙori, kuma duk wani gyambo ko farin tabo ko ja da ya wuce sati biyu bai warke ba, ko dishewar murya da taƙi tafiya, kar a jira. In ya gama dubawa ka tambaye shi me tsohon nan yake cewa da ya baku dariya haka, dan shi yaji da kunnensa, kai fassara ka samu. Ka rubuto min abinda yace.