Amsa: me ya sa Ryzen 5 3600, firosesar kwamfuta ta kamfanin AMD, ke da core (sassan da ke yin lissafi) 6 ba 8 ba?

Malam, ba cutarka aka yi ba. Tun tsarin ƙira na Zen 2 a 2019 AMD ta daina ƙera irin wannan firosesa dunƙule guda, ƙananan gutsattsari take haɗawa, kowanne core 8 ne a ciki, sai wani guntun daban mai kula da RAM da PCIe (hanyar haɗa katin hoto da makamantansa). To idan an gwada a masana'anta aka ga core ɗaya ko biyu sun samu matsala ko ba sa kai gudun da ake so, sai a kashe biyu a sayar maka da 6 da araha maimakon a zubar. Irin gutsattsarin nan guda 8 ne ke ba EPYC, firosesar AMD ta manyan kwamfutocin saba, core 64. Zancen buɗe core ɗin da aka kashe ta BIOS (saitin farko na kwamfuta) kuwa ka manta kawai, wannan zamanin tsohuwar firosesar AMD ta Phenom II ne.