Sakar wa 'yan kasuwa harkar lantarki yana rage kuɗin wuta?

Malam, ka tambaya ko in gwamnati ta janye hannunta kuɗin wuta zai sauka. Ba kullum ba.

Gasa tana yiwuwa wajen samar da wuta da sayar da ita. Amma wayoyin dakonta, kamfani ɗaya ke riƙe da su a kowane yanki, don haka dole hukuma ta ƙayyade abin da zai caja. In ta yi sakaci, ya ci karensa babu babbaka.

Dubi jihar Kalifoniya ta Amurka a 2000 da 2001. An saki farashin sari, an daskarar da na gidaje, 'yan kasuwa irin su kamfanin Enron suka riƙa jawo ƙarancin wuta da gangan, har kamfanin rarraba wuta na PG&E ya durƙushe. A jihar Texas kuma, cikin sanyin Fabrairun 2021, farashin sari ya kai dala 9,000 kan megawat ɗaya na awa guda. Masu kwangilar bin farashin sari suka tashi da bashin dubban daloli.

Kada ka tsaya ga farashin kilowat kaɗai. Duba ko tsayayye ne ko mai hawa da sauka, da kuɗin fita daga kwangilar. In masana'anta gare ka, nemi masanin makamashi ya karanta maka takardar kafin ka sa hannu.