Shin Kai Ɗalibai Gidan Zu Karatu Ne?

Tambaya: Ni malamar firamare ce a Kano, kuma wasu iyaye na ganin kai yara gidan zu yawo ne kawai. Mece ce shawararku?

Amsa: Malama, karatu ne sosai, muddin an tsara shi. Ki kai su Gidan Zu na Audu Bako da safe, kafin zafin rana ya kwantar da dabbobi, ki kuma kauce wa cunkoson Sallah. Ki tsayar da su gaban jimina su ƙirga yatsunta, biyu a kowace ƙafa, sannan su lura cewa ƙafafun kura na gaba sun fi na baya tsawo, domin yawancinsu a tatsuniya kaɗai suka santa. Ki hana su jifan dabbobi.