Filin Tambaya da Amsa: "Ina sayarwa" a Turanci, wanne zan ɗauka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni yaron shago ne a Kantin Kwari, muna sayar da atamfa da shadda da leshi. Karatuna ya tsaya a aji uku na ƙaramar sakandare, yanzu kuma na koma koyon Turanci da daddare saboda kwastomomin da ke zuwa mana daga Legas da Fatakwal. Kwanan baya na ce wa wata mata "I am selling atamfa every day", sai ta gyara min a hankali, ta ce "I sell" ake cewa. To Malam, ai "ina sayarwa" nake nufi. Ina laifin "I am selling"? Sannan yaushe ake ƙara "s" a ƙarshen kalma? Na gode. Daga mai karatunku a Kurna.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sa albarka a kasuwa, ya kuma saka wa wannan baiwar Allah da ta gyara maka ba tare da ta kunyata ka ba.

Na shafe shekaru ina koyar da Turanci a cikin garin nan, kuma kusan duk Bahaushen da ya zauna gabana sai ya yi tuntuɓe da wannan dutsen. Ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne. Asalin abin shi ne "ina" ta Hausa kaya biyu take ɗauka. Kana cewa "ina auna shadda", alhali ga ta a hannunka kana aunawa. Kana kuma cewa "ina sayar da atamfa", ko da kana kwance a gida da tsakar dare, don sana'arka kake faɗa. Bature ya raba waɗannan biyun, kowanne da sigarsa. Abin da ake cikin yinsa a daidai lokacin magana shi ke ɗaukar am, is ko are tare da "ing": "I am measuring the cloth." Abin da aka saba yi kullum kuwa, aikatau ne zalla, wato kalmar aiki, ba ƙari: "I sell atamfa."

Ga ma'aunin da nake ba ɗalibaina, kuma daga nahawun Hausa na ɗauko shi. Ka tuna "nakan", wanda malaman Hausa ke kira lokaci sabau? Kafin ka buɗe baki, cire "ina" ka sa "nakan" a gurbinta. "Nakan buɗe shago da ƙarfe tara" ta zauna daram, saboda haka sai ka ce "I open the shop at nine." Amma idan maigidanka ya kira ka a waya yana tambayar me kake yi, ba za ka ce masa "nakan ƙirga kaya" ba, "ina ƙirga kaya" za ka ce. Nan ne wurin "I am counting the goods." Abin da ba ya canzawa shi ma sigar "I open" yake ɗauka: rana tana fitowa daga gabas, "The sun rises in the east." Duk inda ka ji every day, always ko usually, to layin "nakan" kake. Inda ka ji now, layin "ing" ne.

Akwai wasu kalmomi da ma'aunin nan bai kama su ba, sai dai ka haddace su, kuma su ne ka fi amfani da su a kasuwa. "Ina da shadda" ita ce "I have shadda", ba "I am having" ba. "Ina so" ita ce "I want". "Na sani" da "na gane" kuwa, duk da Hausa ta sa su a sigar abin da ya wuce, a Turanci "I know" ne da "I understand". Dalili shi ne waɗannan ba aiki ba ne da ido ke gani ana yi, hali ne da mutum yake ciki.

Bari in ɗan ratse, don na sha jin wannan a Kwari da Sabon Gari. Kwastoma ta nemi kalar da babu a shago, yaro zai ruga sito, sai ya ce "I am coming" yana mai juya mata baya. "Ina zuwa" ce tamu ya juya kai tsaye. 'Yan Najeriya za su gane, amma baƙo daga waje zai ɗauka wurinsa kake tahowa. Ka ce "I will be back soon."

Batun "s" kuwa mai sauƙi ne. Idan kana maganar mutum ɗaya ko abu ɗaya da ba kai ba, ba kuma wanda kake wa magana ba, wato he, she, it, to aikatau na layin "nakan" yana ɗaukar "s": "My boss sells lace", "She buys six yards." Go ta zama goes, have ta zama has. Idan tambaya ce ko korewa, "does" ta riga ta karɓi "s" ɗin, kuma ba a biyan kuɗin adaidaita sau biyu: "Does he sell lace?", "He does not sell lace."

Wani abu guda zai zo maka nan gaba, wato jimla mai "tun". "Ina wannan shagon tun 2021" ba "I am" take ɗauka ba, "I have been in this shop since 2021" ce. Riƙe wannan misalin kawai tukuna, za mu ware masa mako na musamman.

Yanzu ga aikinka. Gobe da safe, kana cikin adaidaita daga Kurna ta Titin Katsina, ka faɗi jimla biyar a zuciyarka kan abin da idonka ke gani a lokacin, kamar "The driver is collecting money." Idan ka rufe shago da yamma, ka rubuta biyar kan abin da kuka saba yi kullum, uku a kanka, biyu a kan maigidanka don "s" ta zauna maka. Ka yi haka mako guda, sannan ka aiko min da goma daga ciki, zan gyara su a wannan fili in Allah ya so.