Amsar Goggo a kan hidimar biki

'Yata, ina gaishe ki, ina gaida mamanki da babanki. Saƙonki na murya ya same ni daren Talata ina kan sallaya, na saurare shi har sau biyu. Na ƙi mayar miki da murya ne don na san halina, in na fara magana zan ɗauki zafi, ke kuwa amsa kika nema. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Kin ce biki saura wata biyu, ƙawayenki sun tsara kwana biyar: kamu, ranar ƙauyawa, ranar Larabawa, dina, sannan walima, kowace rana da ankonta. Kin ce mamanki na cigiyar mai sayen filinta na wajen Yelwa don a cika kayan ɗaki, shi kuma yaron an gaya masa lefe kada ya gaza akwati 12. Kika tambaye ni ko duk wannan al'adarmu ce da ta zama dole. Sai kika rufe da cewa ke dai ba ruwanki, haka ake yi yanzu. Tambayar ba ta da wuya. Wannan "ba ruwana" ɗin ita ce ta hana ni barci.

Bari in fara da abin da na sani na al'ada, tunda a cikinta na tashi a nan Bauchi, kusa da Ƙofar Wunti. Lefe asalinsa kwando ne da ake saƙawa da kaba, irin wanda tsofaffinmu ke ajiye auduga da mazari a ciki. A ciki ake jera zannuwa, kallabi, takalmi, turare da sabulu, don kada yarinya ta shiga gidan miji tana aron zane. Kayan ɗaki dukiyar mace ce ta kanta: gadon ƙarfe, kwalla, langa, tasoshin jere. In rana ta ɓaci sai ta zare tasa biyu ta sayar, ta rufa wa kanta asiri ba wanda ya ji. Gara, wato shinkafa da man gyaɗa da nakiya da alkaki da dubulan, an yi ta ne don ango ya numfasa bayan hidima, amarya kuma ta sami abin raba wa dangin miji. Gudummawa ma da lissafinta: abin da na kai wa mace ranar bikinta, shi take maido mini da ƙari ranar nawa. Duk wanda kika ɗauka a cikinsu za ki ga an yi shi ne don a sauƙaƙa wa ma'aurata farkon zama. Abin da addini ya ɗora bai ma kai haka ba: waliyyi, shaidu, sadaki wanda a Malikiyya mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne, sai walima. Da Abdurrahman bin Auf ya yi aure, Manzon Allah (SAW) cewa ya yi da shi ya yi walima ko da da akuya ɗaya ce.

Dina da ranar Larabawa da hoton kafin biki kuwa a kan idona suka shigo, kakarki ba ta san su ba. Ban ce duk sabon abu laifi ne ba, mai hali ya yi abinsa Allah ya sa albarka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a laƙaba musu sunan al'ada don a rufe bakin mai tambaya.

Yanzu zan gaya miki abin da ban taɓa gaya wa 'ya'yan ɗakina ba. A 1996, shekarar da aka yanke jihar Gombe daga Bauchi, muna zaune a Gombe saboda aikin maigidana, na tashi aurar da babbar 'yata. Abokiyar zamana ta aurar da tata kafin nan da 'yan watanni, ta yi mata jere har bango uku. Na ƙudurta a raina nawa sai ya fi. Na karɓi kwasar adashe kafin lokacina, na ci bashin atamfofi wurin wata dillaliya, na sayar da tumakina duka. Aka yi biki, mata suka yi guɗa, aka yaba. Kafin sati biyu kowa ya koma harkarsa, aka bar ni da dillaliya tana yi mini sallama kowace Juma'a. Shekara biyu ina biya. A cikin wannan tsakanin aka koro ɗana daga makaranta saboda kuɗin jarrabawa, ya zauna gida zango guda, ni kuma ba ni da ko akuyar da zan kai kasuwa. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce ai al'ada ce, ya zan yi. Ranar da na je wa kakarki da wannan magana ina kuka, ba ta lallashe ni ba. Ta dube ni ta ce, "Wa ya zo ɗakinki ya ce miki bango huɗu?" Na rasa amsa, domin babu wanda ya zo. Ni ce na ƙirga na kishiyata, ni ce na ƙara ɗaya. Har yau in na ga ɗan nan nawa, da 'ya'yansa da furfurarsa, zangon nan yana dawo mini.

Ku naku ya fi namu nauyi, na yarda da wannan. Ni mace ɗaya nake gasa da ita, a tsakar gida ɗaya. Ke kuwa da kin buɗe waya, amaren Kano da Abuja da Dubai ne ke wucewa ta gabanki a TikTok da Instagram, kowacce da mai kwalliyarta da ruwan liƙi, ba wadda ke nuna takardar bashinta. Kuma kalaman da ake zuga ku da su masu daɗi ne: rana ɗaya ce a rayuwa, ki faranta ranki, wa zai yi miki in ba ki yi wa kanki ba. Duk wannan yana faruwa ne a lokacin da abinci ke gagarar gidaje. Tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, komai ya bi ta. Ki shiga kasuwar Muda Lawal ki tambayi mudun shinkafa, ki dawo ki lissafa mudu nawa ne a cikin kuɗin anko ɗaya. Ga kuma manhajojin bashi na waya, da ke ba yaro kuɗi cikin minti biyar, in ya makara su bi lambobin danginsa da surukansa suna tozarta shi. Wanda ya hau motar kwaɗayi dai an san tashar da yake sauka.

Amma ko da zamani ya matsa, hannu na mutum ne. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani: amarya ta ce ƙawaye ne, uwa ta ce dangin miji za su raina mu, ango ya ce gidan amarya ne suka yanka masa, kowa ya wanke kansa, fili kuma ya tafi. Sayyidina Umar ya ce mu yi wa kanmu hisabi kafin a yi mana. A Suratul Ƙiyama Allah ya rantse da rai mai zargin kanta, wadda in ta yi abu take komawa ta tuhumi kanta a kansa. Hadisi kuma ya zo cewa ƙafar bawa ba za ta gusa ba ranar ƙiyama sai an tambaye shi dukiyarsa, ina ya samo ta, a ina ya kashe ta. Ban ji inda aka ce za a kira ƙawayen amarya su amsa mata ba.

Kin sha wucewa ta kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa a cikin garin nan. Mutumin da ya riƙe Najeriya a matsayin Firayim Minista har aka kashe shi a Janairun 1966, abin da tsofaffin Bauchi ke fara ambata a kansa shi ne bai tara abin duniya ba. Da wannan gari ya yi alfahari, kuma a wannan tarbiyya aka haifi babanki.

Ga abin da nake so ki yi. Ki ɗauki takarda da biro, ke kaɗai, bayan sallar isha'i. Ki rubuta kowane abu da aka tsara, a gefensa ki sa kuɗinsa, ki sa wanda zai biya da inda zai samo, sannan ki rubuta wanda yake son abin da gaske. Inda kika ga ke ce mai so, ki rubuta sunanki, kada ki rubuta "mutane". Ba laifi ba ne ki so kwalliya ranar aurenki, ni ma ina so in gan ki kin yi kyau, kuma lallenki ni zan sa miki da hannuna in Allah ya kai mu. In kin ga dina kike so har zuciya kuma akwai halinta ba tare da bashi ba, ki yi, ki ce ni na zaɓa. Filin nan kuwa gadon mamanki ne daga mahaifinta, shi kaɗai ta mallaka, ga ƙannenki uku a bayanki. Ita kunya ba za ta bar ta ta ce miki a'a ba. Ke ce za ki je ki durƙusa ki ce Mama na yafe, a bar fili. Shi ma yaron ki aika masa ta bakin yayarki cewa ya kawo abin da ya sawwaƙa.

Za a yi magana, na sani, wataƙila ma wata ƙawar ta yi fushi ta ƙi zuwa. Dangin babanki ki bar ni da su, ni zan tare su. Ina nan zuwa gidan ranar Asabar bayan la'asar, ki ajiye mini takardar mu duba tare kafin in shiga wurin mamanki. Allah ya yi miki albarka, ya sa gidan zamanki ne.

Goggonki.